Jigilar Jita Cikin Tsananin Sanyi: Abin da Ke Lalata Ta da Yadda Za Ta Isa Lafiya

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, a arewacin Amurka da Kanada da arewacin Turai, abubuwa biyu da ba sa ga maciji kan haɗu. Lokacin ne kasuwar kayan kiɗa ta fi ci saboda sayayyar Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma lokacin ne sanyi ya fi tsanani. Dubban jitoci kan bar masana'antu da shaguna da gidajen mutane, a loda su a manyan motoci, su kwana a sito, wasu su hau jirgin sama, kafin su kai hannun wanda ya saya. Yawancinsu kan isa lafiya. Amma duk shekara masu gyaran jita kan karɓi waɗanda fentinsu ya daddare, ko fuskarsu ta tsage, ko kansu ya karye, alhali ko sau ɗaya ba a kaɗa su ba.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, da yawa daga cikin manyan cibiyoyin wannan sana'a a ƙasashen dusar ƙanƙara suke. Kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833, yana garin Nazareth a jihar Pennsylvania. Gibson yana ƙera jitocinsa masu kogo a Bozeman ta jihar Montana tun 1989. Godin yana lardin Quebec a Kanada. Babban dillalin nan Sweetwater yana Fort Wayne a jihar Indiana, takwaransa na Turai kuwa, Thomann, yana ƙauyen Treppendorf a kudancin Jamus. Babu ɗaya daga cikinsu da ke rufe ƙofa har sanyi ya wuce. Ke nan aika jita a wannan lokaci abu ne mai yiwuwa. Abin da ya rage a fahimta shi ne mene ne ainihin mai yin ɓarnar, a wane mataki na tafiyar take aukuwa, kuma hakkin wa ne hana ta.

Ra'ayina, wanda zan kafa wa hujja a nan, shi ne sanyi shi kaɗai bai cika kashe jita ba. Saurin sauyin yanayi, da bushewar iska, da buguwa, su ne ke yin aika-aikar, kuma dukkansu hannun ɗan Adam na iya rage su.

Yadda aka gina jita

Sai an san irin ginin jita za a gane dalilin rauninta. Jita mai kogo, wadda ba ta buƙatar lantarki kafin ta yi amo, akwati ce ta siraran alluna. Allon fuskarta, wanda galibi ake yi da itacen sifurus, kaurinsa kimanin milimita 3 ne. Baya da gefuna akan yi su da rozwud ko mahogani, ɗan'uwan maɗacin da muka sani. A ƙarƙashin fuskar akwai 'yan sanduna da aka manna da gam domin su tallafe ta, wasunsu sun gitta jijiyar allon. A samanta kuma akwai jaki, inda tsirkiyoyi ke ɗaure. Tsirkiyoyin ƙarfe shida idan aka ɗaure su daidai suna jan wannan siririn allo da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana. Na roba, irin na jitar gargajiyar Sifaniya, jansu ya kai kimanin rabin haka.

Sai a lulluɓe duka da fenti mai sheƙi wanda sau da yawa kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Haka nan akwai ƙarafan da aka jera a kan wuya, da sandar ƙarfe da ke cikin wuyan, da robar da aka yi wa gefuna ado da ita. Itace, ƙarfe, roba, gam da fenti: kowanne da yadda yake miƙewa idan ya ji zafi, da yadda yake tsukewa idan ya ji sanyi. Maƙerin jita ya haɗa su ne a ɗakin da aka daidaita yanayinsa. Kamfanonin Martin da Taylor duka suna ba da shawarar a ajiye jita inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, da ɗumi irin na ɗakin da mutum ke zama cikin jin daɗi. Duk tafiyar da za ta yi a lokacin sanyi, fita ce daga wannan yanayi.

Daddarewar fenti

Ɓarnar da aka fi dangantawa da sanyi ita ce daddarewar fenti, wato wasu siraran tsaguwa masu kama da zare da kan bazu a jikin jita. Wanda ya taɓa zuba tafasasshen shayi a kofin gilashi mai sanyi ya ga yadda abin yake: ɓangaren da zafi ya fara taɓawa ya miƙe, sauran bai motsa ba, sai gilashin ya dare. Fentin jita shi ne a waje, siriri ne, kuma ya fi itace saurin amsa zafi da sanyi. Idan jita ta kwana a motar da sanyinta ya kai digiri 15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, aka buɗe ta nan take a ɗaki mai digiri 22, fentin zai ɗumama cikin daƙiƙoƙi, itacen da ke ƙarƙashinsa kuwa yana nan a sandare. Fentin da sanyi ya riga ya mayar mai gautsi ba shi da laushin da zai jure wannan ja-in-ja, sai ya tsattsage.

Fenti kuma iri-iri ne. Wanda ya fi wannan rauni shi ne naitirosalulos, wanda makaɗa ke taƙaitawa da naitiro. A shekarun 1920 ya yi fice a masana'antar motoci, daga nan masu ƙera kayan kiɗa suka rungume shi, kuma har yau Gibson da Martin suna shafa shi a yawancin manyan jitocinsu. Yana ƙara tauri da gautsi yayin da yake tsufa, shi ya sa tsohuwar jita ta fi sabuwa shiga haɗari. Fentin zamani na foliyesta da foliyuritan, wanda ake samu a jitocin Taylor da yawancin na Fender da kusan dukkan masu araha da ake ƙerawa a Sin da Indonesiya, ya fi juriya nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma idan sauyin ya yi tsanani yakan dare.

Hujjar cewa saurin sauyi ne sila tana hannun masu mayar da sabuwar jita kamar tsohuwa da gangan. Ɗaya daga cikin dabarun da aka sani a wannan aiki ita ce a ɗumama fentin, sannan a fesa masa iska mai tsananin sanyi, nan take ya daddare. Akwai masu son wannan kama, har Gibson yana da sashe na musamman, Murphy Lab, da ke sayar da jitocin da aka tsufar. Amma wanda ya zaɓi hakan da kuɗinsa daban yake da wanda ya biya kuɗin jita sumul aka kawo masa daddararriya. Daddarewar ba ta hana jita amo, sai dai tana rage mata daraja a kasuwa, kuma gyaranta na gaskiya shi ne sake fentin, wanda shi ma yakan zubar da darajar tsohuwar jita.

Bushewa, mai ɓarna a ɓoye

Ɓarna ta biyu ta fi ta farko muni, kuma ba a cika lura da ita da wuri ba. Iska mai sanyi ba ta iya ɗaukar ruwa mai yawa. A digiri 20, kubik mita ɗaya ta iska na iya riƙe kimanin giram 17 na tururin ruwa. A sifili, kimanin giram 5. A digiri 20 ƙasa da sifili, kimanin giram 1 kacal. To idan aka jawo wannan iska cikin gida ko sito aka ɗumama ta da hita, ruwan da ke cikinta bai ƙaru ba, amma ƙishirwarta ta ninka. Shi ya sa a tsakiyar lokacin sanyi laimar ɗakunan da ake ɗumamawa a Shikago ko Montreal kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari.

Itace kuwa, ko bayan shekara hamsin da sare shi, yana shan laima yana kuma fitar da ita. Idan ya bushe yana tsukewa ne ta faɗi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Fuskar babbar jita faɗinta ya kai santimita 40, kuma idan ta bushe sosai tana neman raguwa da milimita 2 zuwa 3. Sandunan da aka manna mata a gicciye ba za su bar ta ta tsuke ba. Da farko fuskar kan lotsa, tsirkiyoyi su sauko su riƙa gogar ƙarafa suna zuza. Allon wuya ya tsuke, bakunan ƙarafan su fito suna karce hannu. Idan abin ya ci gaba, jaki ya fara ɗagowa, daga ƙarshe fuskar ta tsage, sau da yawa daga jaki zuwa gindi.

Wannan ba aikin sa'a ɗaya ba ne. Jitar da ke cikin rufaffen akwati da kwali ba za ta bushe a tafiyar kwana uku ba. Haɗarin yana ga jitar da ta riga ta yi makonni a rataye a busasshen ɗaki kafin a aika ta, wadda itacenta ke gab da tsagewa, sai girgizar hanya ta ƙarasa aikin. Yana kuma ga wadda ta isa lafiya aka jingine ta kusa da hita. Jitar lantarki mai dunƙulallen jiki ta fi tsira daga wannan, amma allon wuyanta shi ma itace ne, yana tsukewa kamar kowane.

Buguwa da halin hanya

Na uku shi ne abin da ke faruwa a kowane lokaci na shekara, amma sanyi ke ƙara masa kaifi. Kwali a hannun kamfanin jigila yakan bi bel mai gudu, ya zame, ya faɗi, a ɗora masa wasu kaya. A cikin sanyi, fenti da robar ado da gam duk sun yi gautsi, bugun da za su shanye a watan Yuli yana iya fasa su a Janairu.

Wuri mafi rauni shi ne inda kai ya haɗu da wuya. A jitocin Gibson irin su Les Paul, kan ya karkata baya da kimanin digiri 17, an sassaƙa shi daga itacen mahogani guda ɗaya da wuyan, an kuma huda wurin domin a kai ga sandar ƙarfen da ke ciki. Makunnan ɗaure tsirkiya masu nauyi suna bisa kan. Idan akwati ya faɗi ta baya, wuyan ya tsaya cak a kan matokarinsa, kan kuwa ya ci gaba da tafiya, sai ya ɓalle. Hakan na faruwa ko da babu ko ƙwarzane a jikin akwatin. Wuri na biyu shi ne gindi, inda akwai ɗan turken da ake rataya maɗauri. A jitoci masu kogo da yawa turken nan mai tsini ne, cusa shi kawai aka yi. Idan kwali ya faɗi a tsaye, turken kan nutse ya tsaga katakon da ke ciki.

Game da hanyar kanta, bayan motocin jigilar kaya na yau da kullum ba a ɗumama shi. Kayan da aka karɓa ranar Juma'a na iya kwana biyu a tirela a filin ajiye motoci. A jirgin sama kuwa, ko da yake sanyin waje a can sama yakan kai digiri 50 ƙasa da sifili, ɗakin kaya na manyan jirage yana da matsin iska kuma galibi ba ya kai ga daskarewa. Inda kaya ke shan sanyi shi ne a filin jirgi, lokacin da suke jiran lodi.

Sannan akwai ranakun da komai ke tsayawa. A ƙarshen Janairun 2019 sanyi a Shikago ya kai kimanin digiri 30 ƙasa da sifili, har hukumar gidan waya ta Amurka ta dakatar da raba saƙonni a sassan jihohi da dama. A Fabrairun 2021 guguwar ƙanƙarar da ta durƙusar da jihar Texas ta kawo cikas a babbar cibiyar kamfanin jigila na FedEx da ke Memphis da ta UPS da ke Louisville, kaya suka yi kwanaki a hanya. A irin wannan sanyi fentin naitiro na iya darewa tun a cikin kwali, domin tsukewar da yake yi ta fi ta itacen. Saboda haka ne ƙananan maƙera da dillalan tsofaffin jitoci da yawa kan dakatar da aikawa har yanayi ya sassauta, kuma a ganina sun yi daidai.

Aikin mai aikawa

Shiri yana farawa ne kwanaki kafin ranar aikawa. A tabbata jitar ta zauna a cikin akwatinta a laimar da ta dace, a auna da 'yar na'urar auna laima, wadda ba ta da tsada. A ɗauki hotunanta ta kowace fuska cikin haske mai kyau, har da lambarta, domin su ne shaida idan gardama ta taso.

Akwati mai tauri shi ne asali. Jakar yadi ba ta wadatar ba sai idan an ninka kwali an kuma ƙara kariya sosai. A cikin akwatin, ƙa'idar ita ce kada jita ta motsa ko kaɗan. A cusa takarda mai laushi da aka dunƙule ko tsumman auduga a ƙarƙashin kai da samansa, ta yadda idan aka rufe murfi kan zai zauna daram. A cike duk wani gibi da ke gefen jiki. A zare turken gindi idan mai zaruwa ne, a cire batir da sandar lanƙwasa amo da duk wani ƙaramin abu, a naɗe su a sa a aljihun akwatin. A shimfiɗa takarda tsakanin tsirkiyoyi da ƙarafan wuya. Ledar nan mai ƙurajen iska kada ta taɓa jikin jita kai tsaye, domin wasu nau'o'in roba suna narkar da fentin naitiro su bar masa tabo. Idan aka rufe akwatin, a girgiza shi a hankali. Duk motsin da aka ji alama ce ta cewa aiki bai ƙare ba.

Daga nan a zura akwatin cikin babbar leda a ɗaure bakinta, domin ta tsare shi daga jiƙewa idan kwali ya kwanta a dusar ƙanƙara, ta kuma rage fitar laima. A sa shi a kwali mai ƙarfi wanda aka yi domin jita, da tazarar aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, a cike da takarda ko soso, gindi ya fi samun kauri. A liƙe dukkan bakunan kwalin da salatif mai faɗi.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta a nan. Wannan naɗi ba ya ɗumama jita, domin jita ba ta da zafin jiki da za a tsare. Bayan kwana ɗaya a mota, sanyin ciki da na waje za su zama ɗaya. Amfanin naɗin shi ne ya sa sanyin ya shiga a hankali, ya kuma fita a hankali. Ganin haka, sa jakar ɗumama hannu a cikin akwati kuskure ne, domin tana ɗumama wuri ɗaya ta bar sauran, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu.

Sai zaɓen rana. A aika ranar Litinin ko Talata domin kada ƙarshen mako ya riski kayan a hanya. A duba hasashen yanayi na garin da za ta tashi, da inda za ta sauka, da cibiyar da za ta ratsa. Jita mai tsada ta cancanci kuɗin jigilar kwana ɗaya ko biyu. A sa sharaɗin sai an sa hannu, ko a nemi a ajiye ta a ofishin kamfanin mai saye ya je ya ɗauka, maimakon a bar ta a ƙofar gida cikin ƙanƙara.

Inda masana suka saɓa

A kan sassauta tsirkiya ba a taɓa samun baki ɗaya ba. Masu cewa a bar ta a ɗaure suna kafa hujja da cewa an gina wuyan ne domin ya yi daidaito tsakanin jan tsirkiya da turin sandar ƙarfe, kuma manyan masana'antu da dama a ɗaure suke aika sababbin jitocinsu. Masu cewa a sassauta kuwa suna duban ranar faɗuwa: jan kilo 70 da ke kan kai yana taimaka wa karaya, kuma idan wani wuri ya tsage yana ƙara yage shi. Abin da ya fi kwanta mini shi ne tsaka-tsaki. A sassauta kaɗan domin a rage jan, kada a sake su gaba ɗaya, musamman ga tsohuwar jita da mai karkataccen kai. Kuma ko an sassauta ko ba a sassauta ba, cusa tsumma a kewayen kai ya fi wannan gardama muhimmanci.

Haka nan batun sa abin ƙara laima a cikin akwati. Jiƙaƙƙen soso yana da amfani a gida, amma a hanya yana iya daskarewa, ya narke, ya ɗiga a kan itace. Ƙunshin nan masu aiki biyu, irin na Boveda da D'Addario, waɗanda ke ba da laima ko su shanye ta domin su tsayar da ita kusa da kashi 50, sun fi aminci, muddin an sa su inda ba za a matse su su fashe ba. Ƙunshin ƙwayoyin busar da kaya kuwa, da ake samu a kwalin takalmi, ba shi da wuri a akwatin jita a lokacin sanyi.

Batun inshora shi ne inda mutane suka fi shan mamaki. Kuɗin da ake biya a kan darajar da aka bayyana wa kamfanin jigila yana da sharuɗɗa. Kamfanin na iya ƙin biya idan ya ga naɗin bai cika ƙa'idarsa ba, kuma ɓarnar da zafi ko sanyi ya jawo ba kasafai ake karɓarta ba. FedEx ya daɗe yana ƙayyade dala 1,000 a matsayin iyakar darajar da za a bayyana wa jitar da ta haura shekara 20. Garantin yawancin masana'antu shi ma ya cire ɓarnar laima da yanayi. Mai aika jita mai daraja ya karanta sharuɗɗan tun kafin ya biya, in ya cancanta ya nemi inshorar kayan kiɗa ta daban.

Idan kuma za ta tsallaka iyakar ƙasa, takardu ma na cikin kariya. Rozwud na Barazil yana cikin jerin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES, mai kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta fi tsanantawa tun 1992, jitar da ke ɗauke da shi sai da izini. A 2017 an sa wa sauran nau'o'in rozwud takunkumi, sannan a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka gama ƙerawa. Takarda ɗaya da ta ɓace na iya sa jita ta yi makonni a siton kwastan.

Aikin mai karɓa

Duk wahalar da mai aikawa ya sha, mai karɓa na iya rushe ta cikin minti ɗaya. Wannan ne matakin da ya fi kowane haɗari ga fenti, kuma shi ne mafi sauƙin kiyayewa, domin ba ya cin ko sisi. Dillalai da yawa kan manna takarda a jikin kwali suna roƙon a jira sa'a 24 kafin a buɗe. Akwai masu ganin hakan ya yi yawa, kuma gaskiya ne cewa jita mai fentin zamani da ta zo a sanyi mai sauƙi ba ta buƙatar yini guda. Amma mai karɓa bai san inda kwalinsa ya kwana ba, kuma abin da zai rasa idan ya jira bai kai abin da zai rasa idan ya yi gaggawa ba.

Da isowar kwalin a duba shi, a ɗauki hoton duk wata lotsawa ko huda, a sanar da mai sayarwa nan take. A ajiye shi a rufe a ɗaki, nesa da hita da murhu da hasken rana. Bayan sa'o'i masu yawa, in sanyin ya yi tsanani sai washegari, a buɗe kwalin a taɓa akwatin. Idan da sauran sanyi a jikinsa a ƙara jira. Idan ya yi daidai da ɗaki, a ɗaga murfin kaɗan a leƙa. Ganin gumi ko hazo a kan fentin alama ce ta cewa jitar ba ta gama ɗumama ba, sai a mayar da murfin a rufe. Bayan an fito da ita, a ɗaure tsirkiyoyi a hankali, a ba ta kwanaki ta saba da gidan kafin a taɓa sandar wuya ko a yanke hukunci a kan amonta.

Adalci ya buƙaci mai sayarwa ya faɗa a rubuce cewa wannan jira ba zai ci wa mai saye wa'adin mayar da kaya ba. Mutane da yawa suna gaggawar buɗewa ne saboda tsoron kada lokacin ƙorafi ya wuce su.

Inda abin ya shafe mu

Ƙasar Hausa ba ta san dusar ƙanƙara ba, amma ta san jita, ta kuma san bushewa. Makaɗan Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar sun kai amon jitar Abzinawa manyan dandalolin Turai da Amurka. A majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da Kaduna da Jos da Yamai ana kaɗa ta kullum, kuma kusan dukkan waɗannan jitoci daga waje suke zuwa, sababbi ko na hannu. Wadda ɗan'uwa ya aiko daga Jamus ko Kanada a watan Janairu takan fito daga ƙanƙara, ta sauka cikin zafi da laimar Legas ko Kwatano, sannan ta hau mota zuwa arewa, inda hunturu ke saukar da laimar iska ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Yanayi uku ke nan masu hannun riga cikin 'yan kwanaki. Bushewar da hita ke haddasawa a gidajen Kanada ita ce iskar hunturu ke kawo mana daga Sahara, kuma tsagewar da take yi wa fuskar jita iri ɗaya ce. Mai jita a Damagaram ko Katsina ya ajiye ta a rufaffen akwati daga Nuwamba har saukar damina, da ɗan jiƙaƙƙen soso da aka matse sosai a cikin gwangwani ko robar da aka huhhuda, yadda ruwa ba zai taɓa itace ba. Ya kuma kiyaye barinta a rufaffiyar mota cikin rana, domin zafi yana sassauta gam.

Hukuncin dai a bayyane yake. Ana iya aika jita cikin sanyi ta isa lafiya, kuma dubbai suna isa duk shekara. Sabuwa mai fentin zamani, a akwati mai tauri da kwali mai kyau, ba ta da abin tsoro a sanyi na yau da kullum. Tsohuwa mai fentin naitiro, ko wadda maƙeri ya yi watanni yana sassaƙawa da hannu, ta cancanci a jira guguwa ta wuce, domin wadda ta lalace a cikin irinsu ba a samun madadinta. Kai mai aikawa, ka naɗe ta yadda ko ta faɗi ba za ta motsa ba, ka zaɓi ranarka da idon basira. Kai kuma mai karɓa, idan kwalin ya shigo da sanyi a jikinsa, ka bar shi a rufe har gobe.